Yadda Ake Nazarin Labarin Zambo Mai Harshen Damo a Kan Mulkin Kama-Karya

Irin wannan labari galibi gajere ne, harshensa mai sauƙi, ɗalibi yana iya gama shi cikin yini guda. Idan aka ce ya yi nazari sai ya ɗauko takarda ya ja layi a tsaka: wannan dabbar wane ce, waccan kuma wane, ya miƙa. Malami zai ba shi maki, amma ba mai yawa ba, domin bai taɓa tambayar da ta sa aka rubuta littafin ba. Tambayar ita ce, ta yaya jama'ar da suka kori azzalumi da hannunsu suka wayi gari a ƙarƙashin wanda ya fi shi, kuma a wace gaɓa ce da sun ƙi yarda da abin ya tsaya? Matakan nan hanya ce ta isa wurin. Zan ɗauko misalai daga Animal Farm na George Orwell, labarin dabbobin da suka kori maigidan gonarsu sannan aladu suka mallake su, wanda ya fito a 1945 aka kuma fassara shi da sunan Gandun Dabbobi, don shi aka fi sa wa ɗalibai. Hanyar dai tana aiki a kan kowane labari irinsa. Sunayen taurari sun sha bamban tsakanin na asali da fassarar, saboda haka zan kira kowa da matsayinsa.

Mataki na farko: karanta shi a matsayin labari

Karon farko kada ka buɗe littafin tarihi, kada ka nemi sharhin kowa. Karanta daga bango zuwa bango. Abu ɗaya kawai za ka yi: duk inda ka yi dariya, ko ranka ya ɓaci, ko ka ji kamar ka daka wa wani tauraro tsawa ya farka, sa alama da fensir a gefen shafi. Waɗannan alamomi za su yi maka amfani daga baya fiye da yadda kake zato, domin su ne wuraren da marubucin ya ɗana tarkonsa, kai kuma ka faɗa.

Mataki na biyu: rarrabe kayan aikin adabi

Ɗalibai sukan cakuɗa abubuwa huɗu su kira su da suna ɗaya. Raba su tun yanzu.

Labari mai harshen damo doguwar siffantawa ce wadda ta mamaye littafi gaba ɗaya. Akwai labarin sama, wanda yaro ma zai fahimta, akwai na ƙasa da ke tafiya tare da shi ƙafa da ƙafa. Bambancinsa da alamtarwa shi ne, alama guda tana iya tsayawa ita kaɗai, kamar tuta ko bulala, amma a nan taurari da wuri da abubuwan da suka faru duk suna ɗauke da ma'ana ta biyu, kuma ma'anonin suna haɗuwa su ba da labari cikakke.

Almara kuwa ita ce rigar da aka sa wa labarin: dabbobi masu magana da tunani, wato mutuntarwa. Tsohuwar dabara ce, tun zamanin Aesop na Girka ake yin ta. Amfaninta biyu ne. Dabba tana zuwa da halinta a goshi, ba sai an ɓata shafuka ana bayyana cewa doki mai ƙarfi ne ko tunkiya mai bin ayari ce ba. Sannan tana ba marubuci mafaka. A Rasha ta ƙarni na 19, inda jami'an tace rubutu ke duba kowane shafi, marubuta irin su Saltykov-Shchedrin sun ƙware da faɗin abu ta bayan fage har salon ya samu sunan harshen Aesop.

Zambo shi ne manufar: muzanta wani ko wani tsari ta hanyar fito da aibinsa fili a yi masa dariya. Masana adabin Turai sukan raba shi gida biyu da sunayen mawaƙan Rum na da. Na Horace mai taushi ne, tsokana ce da murmushi. Na Juvenal mai ɗaci ne, fushi ne a cikinsa. Kada ka yi gaggawar jefa littafi cikin gida ɗaya. A labarin gandun, surorin farko suna da raha, da alade mai hawa tsani yana rubutu, da kyanwa mai ɓacewa lokacin aiki ta dawo lokacin cin abinci. Daga sura ta bakwai dariya takan maƙale a maƙogwaro. Nuna inda muryar ta juya, wannan kaɗai ya isa sakin layi mai kyau a nazarinka.

Na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci a wurina, ita ce gugar zana. A nan tana zaune ne a bakin mai ba da labari. Ba ya cewa an yi ƙarya. Yana faɗin abin da dabbobin suka gani da abin da suka gaskata, da murya a kwance, kamar shi ma bai gane ba. Wata rana da tsakar dare aka ji ƙara, aka fito aka tarar da alade mai bakin gwamnati a ƙasa, ga karyayyen tsani, ga fitila, ga gwangwanin fenti a kife, daidai gindin bangon da aka rubuta dokoki. Mai ba da labari sai ya ce dabbobin sun kasa gane abin da ya faru, ban da jaki. Kai mai karatu ka gane, su ba su gane ba, kuma tazarar nan da ke tsakaninku ita ce ke ciwo. Koma kan alamomin fensirinka, za ka tarar yawancinsu a irin waɗannan wurare suke.

Mataki na uku: tantance kalmomin siyasa

Ba kowane kama-karya ne ke mamaye komai ba. Wani mai mulkin danniya abin da yake so daga talaka shi ne ya yi shiru ya biya haraji. Abin da ke cikin zuciyarsa da gidansa da wurin ibadarsa bai dame shi ba. Mulkin mamaye-komai ba ya yarda da shiru. Dole ka yi tafi, ka yi maci, ka gaskata, ka kuma kai rahoton wanda bai gaskata ba. Kalmar da Turawa ke kiran wannan tsari da ita ta fito ne daga Italiya a 1923, a alƙalamin Giovanni Amendola mai adawa da Mussolini, shugaban Italiya na lokacin, daga baya Mussolini ya karɓe ta yana alfahari da ita. Hannah Arendt ta yi dogon nazari a kan tsarin a 1951, inda ta jera Jamus ta Hitler da Tarayyar Sobiyet ta Stalin.

A 1956 Carl Friedrich da Zbigniew Brzezinski suka zayyana alamomi shida: aƙida ɗaya da ta yi bayanin komai, jam'iyya ɗaya a hannun mutum ɗaya, 'yan sandan ciki masu mulki da tsoro, riƙe kafofin yaɗa labarai, riƙe makamai, da juya tattalin arziki daga tsakiya. Rubuta su, ka nemo wa kowace shaidarta a cikin labarin. Amma ka sani an tsara jerin ne shekara goma sha ɗaya bayan fitowar littafin, ma'auni ne da kake ɗorawa a kai, ba da shi marubucin ya yi aiki ba.

Sai gurguzu. Karl Marx da Friedrich Engels sun fitar da sanarwarsu a 1848, suna cewa masu jari suna cin gumin ma'aikata, kuma ranar da ma'aikata suka karɓe gonaki da masana'antu za a wayi gari babu bambancin aji tsakanin mutane. Jawabin tsohon alade a sura ta farko wannan ne a taƙaice, kuma ka lura marubucin bai yi masa dariya ba. An rubuta jawabin ne yadda zai shiga rai. A nan mutane da yawa ke zamewa, su ɗauka littafin yabon jari-hujja ne. Orwell ɗan gurguzu ne mai ra'ayin dimokuraɗiyya har ya mutu a 1950. Ya je yaƙin basasar Sifaniya a ƙarshen 1936, ya shiga rundunar wata ƙaramar jam'iyyar gurguzu mai suna POUM, harsashi ya same shi a wuya a watan Mayu na 1937, sannan ya ga yadda 'yan gurguzu masu bin Mosko suka sa aka haramta jam'iyyar aka kama mutanenta bisa zargin cin amana. Da ƙyar ya tsallake iyaka. Wanda ya san wannan zai karanta littafin a matsayin kukan ɗan gida.

Ƙara ra'ayi guda a jakarka, na Robert Michels, wanda a 1911 ya yi nuni da cewa kowace ƙungiya, komai son daidaitonta, a ƙarshe 'yan ƙalilan masu tsara al'amura ne ke mallake ta. Ko labarin ya yarda cewa hakan tilas ne, ko kuwa yana cewa da an farga da an tsira, wannan muhawara ce da za ka iya gina nazari gaba ɗaya a kanta.

Mataki na huɗu: ɗora tarihi a gefe

Yanzu ne lokacin takardar nan mai layi a tsaka. Labarin ƙasa na littafin tarihin juyin Rasha ne da mulkin Stalin, ga gaɓoɓin da ba makawa sai ka san su. Sarkin Rasha Nicholas na Biyu ya sauka a watan Maris na 1917, 'yan gurguzu na Bolshevik a ƙarƙashin Lenin suka karɓe mulki kafin shekarar ta ƙare, yaƙin basasa ya biyo baya har da sojojin ƙasashen waje. A watan Maris na 1921 sojojin ruwa na Kronstadt, waɗanda da su aka yi juyin, suka tayar suna neman 'yancin da aka yi alkawari, aka murƙushe su. Stalin ya zama babban sakataren jam'iyya a 1922, Lenin ya rasu a 1924, aka kori Trotsky, abokin hamayyar Stalin, daga jam'iyya a 1927, daga ƙasar a 1929, aka bi shi Meziko aka kashe a 1940. Shirin shekara biyar na farko na gina masana'antu ya fara a 1928. Tilasta wa manoma haɗe gonaki ya jawo yunwar 1932 zuwa 1933 wadda ta ci miliyoyin rayuka, musamman a Yukren da Kazakistan. Shari'o'in Mosko na 1936 zuwa 1938 sun fito da manyan 'yan juyi irin su Zinoviev da Kamenev da Bukharin suna amsa laifuffukan da hankali ba zai ɗauka ba, aka harbe su. Takardun hukumar tsaron ƙasar sun nuna an zartar da hukuncin kisa a kan mutum kusan 680,000 a 1937 da 1938. A watan Agusta na 1939 Stalin ya ƙulla yarjejeniya da Hitler, a watan Yuni na 1941 Hitler ya afka masa, a ƙarshen 1943 kuma Stalin ya zauna da Churchill na Birtaniya da Roosevelt na Amurka a Tehran.

Haɗa su da labarin ba wuya. Injin iskar da aka sha wahalar ginawa shirin masana'antu ne. Kajin da suka gwammace su fasa ƙwansu da a karɓe manoman da suka yanka dabbobinsu ne don kada a ƙwace. Katakon da aka sayar wa maƙwabci ya biya da jabun kuɗi, sannan ya kawo hari, yarjejeniyar 1939 ce da abin da ya biyo ta. Hana tsohuwar waƙar juyi yana tuna yadda aka sauya taken ƙasar a 1944.

Inda haɗin bai zauna daram ba, a nan nazari yake. Tsohon alade Marx ne ta fuskar tunani, amma ƙoƙon kansa da aka tono aka kafa ana wucewa ana girmamawa gawar Lenin ce da aka adana a Mosko. Babu wani tauraro da ya tsaya a matsayin Lenin mai mulki. Tambayi kanka me marubucin ya samu da wannan giɓi, me kuma ya ɓoye. Wasu masu sharhi sun ce cire Lenin ya sa juyin ya fito fes da farko, alhali an kafa 'yan sandan ciki na Cheka tun watan Disamba na 1917. Kana da damar yarda ko ƙi, muddin ka kawo hujja.

Mataki na biyar: bi sawun zamewar, sura bayan sura

Wannan ne aikin gaske, ka ba shi lokaci fiye da sauran. Ɗauki sabuwar takarda, jera surori goma a gefe, a sama ka rubuta tambayoyi huɗu: wa ke cin me, wa ke da ikon magana, wa ke riƙe da ƙarfi, wa ke faɗin abin da ya faru jiya. Cika kowane gurbi da abin da ke cikin littafin kawai.

Abin da za ka fara gani shi ne ɓarnar ta riga mugun shugaban. Washegarin juyi, madarar da aka tatsa ta ɓace kafin a dawo daga gona. Ba da jimawa ba aka ware tuffa wa aladu, da hujjar cewa masu aikin ƙwaƙwalwa ne, kuma duk aladun sun amince, har da wanda aka kora daga baya wanda masu karatu ke jin tausayinsa. Orwell da kansa, a wata wasiƙa ta 1946, ya ce wannan ce mahaɗar labarin, ya kuma danganta ta da Kronstadt. Babu jini a wurin, babu kare, madara ce kawai, shi ya sa ba wanda ya ga abin faɗa a ciki.

Gurbin ƙarfi zai daɗe babu komai, sai 'yan kwikwiyo tara da aka raba da iyayensu a sura ta uku da sunan za a ilimantar da su. Kowa ya manta da su, har mai karatu. A sura ta biyar suka dawo ƙarti, suka kori abokin hamayyar aladen da ya raine su, a zaman nan kuma aka soke muhawarar ranar Lahadi. Dubi jerin da kyau: an tanadi ƙarfi a ɓoye, an yi amfani da shi sau ɗaya a bainar jama'a, sannan aka rufe dandalin magana. Daga nan gurnani kaɗai ya isa.

Gurbin tunawa shi ya fi ban tsoro. Dokoki bakwai aka rubuta a bango, kuma ba a fara da goge su ba, ƙari ake yi musu. Dokar da ta hana kwana a gado ta samu 'yar jela wadda ta mai da laifin kan zanen gado. Wadda ta hana kisa ta samu sharaɗi. Wadda ta hana giya ta koma hana wuce kima. Kullum sai an aikata abin tukuna, sannan a gyara bango, sannan wanda ya tuna daidai ya zargi ƙwaƙwalwarsa. Tsarin mulkin da Stalin ya fitar a 1936 ya yi alkawarin 'yancin magana da na taro, a shekarar da aka fara shari'o'in Mosko. An kuma riƙa goge mutane daga hotuna bayan an kashe su, kamar yadda aka yi wa Yezhov, shugaban 'yan sandan cikin da ya jagoranci kashe-kashen da kansa.

Me ya sa dabarar bango ta ci? Koma sura ta uku ka duba wa ya iya karatu. Aladu sun iya sarai. Akuya tana karantawa. Jaki ya iya kamar kowane alade amma ba ya yi. Goɗiya ta san baƙaƙe ba ta iya haɗa su. Dokin aiki bai wuce baƙi huɗu ba. Ban da karnuka da wata goɗiya mai son ado, sauran sun tsaya a na farko. Ajiye wannan jeri kusa da jerin masu mulki, kusan abu ɗaya ne.

Sai ka tattara dabarun farfaganda da sunayensu, kowace da shafinta: tsoratarwa da dawowar tsohon maigida duk lokacin da aka yi ƙorafi, karanto alƙaluma masu nuna an samu ƙari alhali ciki na kuka, sauya wa abu suna, a kira rage abinci gyaran rabo, taƙaita aƙida ta koma taken da tumaki za su rera su danne mai magana, ɗora kowace asara a kan maƙiyin da ba ya nan, jingina kowane alheri ga shugaba, har daɗin ruwan sha. Tarihin yaƙin farko ma an sake shi a hankali, gwarzon ranar ya koma matsoraci, daga baya ya zama jagoran abokan gaba.

Mataki na shida: juya ka dubi waɗanda ake mulka

Yawancin nazarce-nazarce suna ƙarewa a kan aladu, alhali rabin littafin a kan sauran yake. Dokin aiki ya fi kowa ƙarfi, ya taɓa danne ɗaya daga cikin karnukan da kofato, da ya so da ya gama da shi. Amma amsarsa ga kowace matsala biyu ce, ƙara aiki da amincewa da shugaba. Ana danganta shi da Stakhanov, mai haƙar kwal da aka ce ya haƙo tan 102 a aiki guda a 1935 aka mai da shi abin koyi. Ƙarshen dokin motar mai yanka tsofaffin dawaki ce, kuɗin kuma suka tafi a giya.

Jaki ya fi ba ni haushi. Ya gane komai tun farko, ya zaɓi yin shiru da baƙar magana, bai ɗaga murya ba sai ran da motar ta ɗauki amininsa, lokacin bakin alƙalami ya bushe. Goɗiya tana ji a jikinta cewa ba wannan aka yi fata ba, amma ba ta da kalmomin faɗa. Hankaka mai wa'azin wata ƙasar daɗi a bayan gajimare ya gudu da farko, daga baya ya dawo aladu suna ba shi rabo, kamar yadda Stalin ya sassauta wa Cocin Orthodox a 1943 da yaƙi ya matsa. Ga kowannensu rubuta jimla ɗaya: me ya sani, me zai iya yi, me ya hana shi.

Mataki na bakwai: san lokacin da aka rubuta, sannan ka rubuta naka

An rubuta littafin tsakanin Nuwamba 1943 da Fabrairu 1944, lokacin Stalin abokin yaƙin Birtaniya ne, sukarsa kuma abin kunya. Kamfanonin ɗab'i da dama sun ƙi shi, ciki har da Faber inda T. S. Eliot ya rubuta wasiƙar ƙin, sai Secker and Warburg suka fitar da shi a watan Agusta na 1945. Kafin a buga, Orwell ya nemi a gyara wata jimla don ta nuna shugaban aladu bai faɗi ƙasa don tsoro ba lokacin da aka tarwatsa injin, saboda Stalin bai bar Mosko ba sa'ad da Jamusawa suka matso. Mai zambon da ke yi wa abokin gabarsa adalci irin wannan, ya kamata mai nazarinsa ma ya kiyaye.

Karanta surar ƙarshe da wannan a zuciya. Aladu da manoma sun zauna teburi guda suna karta, manoman suna yaba yadda ake ba ƙananan dabbobi aiki mai yawa da abinci kaɗan, sai rigima ta tashi kan maguɗi. Zambon ya haɗa da mutanen ma, wato ƙasashen jari-hujja. Fim ɗin zane na 1954, wanda hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta ba da kuɗinsa a ɓoye, ya sauya wannan ƙarshe ya sa dabbobi suka sake tayarwa. Idan ka kalli fim a madadin karatu, a nan malami zai kama ka.

Wajen rubutu, kada ka buɗe da tarihin marubuci ko taƙaita labari. Buɗe da iƙirari guda wanda wani zai iya musantawa, misali cewa rashin karatu ya fi karnuka tasiri wajen kafa mulkin, ko cewa shirun jaki laifi ne daidai da ƙaryar mai bakin gwamnati. Kowane sakin layi ya ɗauki gaɓa ɗaya daga takardarka ta mataki na biyar, ya faɗi abin da ya faru a gajarce, ya nuna dabarar adabin da aka yi amfani da ita, sannan ya kawo tarihi idan tarihin zai ƙara haske. Ware sakin layi ɗaya ga hujjar da ta fi ƙarfi a kan ra'ayinka. Idan ka ce karatu ne matsalar, dole ka amsa dalilin da ya sa ƙananan aladu huɗu da suka iya karatu suka yi ƙorafi ranar da aka soke muhawara, kuma su ne aka fara kashewa a sura ta bakwai.